Na koyar da abin da aka cire daga Python 3.13: wa ke tace takardar sabuwar siga?

Abban Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau na sha kunya a aji, kuma gara in faɗa da bakina kafin ɗalibaina da ke cikin zauren nan su riga ni. Kun san ina da ajin Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, na ranar Asabar. Tun watan Agustan 2024 na zauna na haɗa darasi guda kan abubuwan da ke tafe a siga ta 3.13, duk daga shafin What's New, wato takardar da ke bayyana abin da ya canza a sabuwar siga, na ɗebo su. A ciki har da cewa mai kwashe shara, wato sashen da ke bi yana tattara abubuwan da shiri ya gama da su a ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai koma aiki kaɗan-kaɗan maimakon ya tsayar da komai ya yi shara gaba ɗaya. Rukuni biyu na koya wa wannan. Yau ina tsaka da bayani wata ɗaliba ta ɗaga waya ta ce, "Malam, ni ban gan shi a shafin ba." Na karɓi wayar na duba sama da ƙasa. Babu shi. Tambayata: wa ke rubuta takardar nan, wa ke tace ta, kuma ta yaya abu zai ɓace daga cikinta ba sallama?

Ummi: Wa alaikumus salam. Malam ni ce ɗalibar, a yafe mini, wallahi ba don in ƙure ka na yi ba.

Abban Hanif: Babu komai Ummi, ai kin kyauta. Da ba ki yi magana ba da rukuni na uku ma sun sha.

Injiniya Bazazzage: Malam ba ɓacewa ya yi ba, cire shi aka yi, kuma a kan idon kowa. Ranar 1 ga Oktoba 2024 aka tsara fitar da 3.13. Ana saura 'yan kwanaki aka ga sabon salon kwashe sharar yana rage wa wasu manhajoji gudu sosai. Thomas Wouters, wanda ke riƙe da ragamar sigar, ya sa aka janye shi, aka fitar da siga ta gwaji ta uku a ranar maimakon ta gaske, ta gasken kuma ta fito ranar 7 ga wata. Aikin aka ɗage shi zuwa 3.14. Kai ka ɗebo daga tukunya tun tana kan wuta.

Maman Ilham: Abin ban dariya a labarin, manhajar da ta tona asirin raguwar gudun ita ce Sphinx, wadda da ita ake gina kundin bayanan Python ɗin kansa. Wato kayan aikin masu rubutu ne suka kama laifin masu kod. Amma Abban Hanif, a saman shafin da ka karanta a Agusta akwai sanarwa cikin akwati da ke cewa takardar daftari ce, za a yi mata gyara mai yawa kafin a saki sigar, a dawo a sake dubawa. Tun daga siga ta gwaji ta farko take nan.

Abban Hanif: Na gan ta, Hajiya. Na tsallake ta kamar yadda muke tsallake sharuɗɗan manhaja mu danna amincewa. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma har yanzu ina da ƙorafi. Watanni shafin yana buɗe duniya na karantawa. Me zai hana a bar layi ɗaya a ce abu kaza ya fito a daftari amma an janye shi? Ai ba ni kaɗai na kwafa ba.

Maman Ilham: Saboda aikin takardar guda ɗaya ne, ta gaya wa wanda ke kan 3.12 abin da zai tarar idan ya hau 3.13. A wajensa mai kwashe shara bai canza ba, don haka babu labari. Idan aka fara lissafa duk abin da ya shigo ya fita tsakanin sigogin gwaji, takardar za ta koma tarihin rigingimun cikin gida. Kuma ba wannan ne karon farko ba. A 3.10 an so a mayar da sabon salon fassara bayanan nau'i na PEP 563 (PEP takardar shawara ce mai lamba kan canji a Python) ya zama shi ne na yau da kullum, aka janye a Afrilun 2021. A 3.11 an cire tsofaffin sunaye irin su assertEquals daga unittest, ƙunshin gwada kod, aka ga ɓarnar ta yi yawa, aka mayar da su, sai a 3.12 suka tafi. Wanda ke son wannan tarihin yana da inda zai je, wato jerin canje-canje, can an rubuta shigarsa an rubuta janye shi.

Kawu: Ku ba ni dama in sa baki, duk da ni kod ɗinku ban iya ba, jikana ne ya jefo ni zauren nan. Shekaru na yi ina gyaran rubutu a maɗaba'a. A wajenmu akwai shafin gwaji akwai bugu. Idan kuskure ya fita a bugu, dole gobe a ba da haƙuri a gyara a fili. Idan a shafin gwaji ne, ja masa layi kawai ake yi, ba wanda ake ba haƙuri. Sai dai mu shafin gwajinmu ba ya fita daga ɗakin. Naku kuma a bakin titi kuke shanya shi. To hujjar Malam ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba.

Abban Hanif: Allah ya ƙara girma Kawu. Abin da nake nufi ke nan.

Injiniya Bazazzage: Kawu ranka ya daɗe, shanyawar a bakin titi da gangan ce. Ana so masu manyan ɗakunan kod su gwada tun da wuri su yi kuka kafin a makara. Da a ɗaki aka kulle shi, da sai bayan fitarwa za a gano matsalar Sphinx ɗin.

Ummi: Anti, ni ban gane bambancin jerin canje-canje da What's New ba. Ba abu ɗaya suke faɗa ba?

Maman Ilham: Ko kusa. Bari in bi miki da shi tun daga tushe.

Duk wanda ya aika gyara zuwa ma'ajiyar CPython, wato ainihin kod ɗin Python, a shafin GitHub, in dai gyaran zai shafi mai amfani, sai ya haɗa da ɗan guntun labari, jimla ɗaya zuwa uku. Da can fayil guda ne mai suna Misc/NEWS kowa ke rubutu a samansa, kullum gyaran wani na karo da na wani a layi ɗaya. A 2017 Larry Hastings ya kawo wata 'yar manhaja mai suna blurb. Yanzu kowane gyara da fayilinsa daban a cikin Misc/NEWS.d/next, an raba su gida-gida: na ɗakin kod, na tsaro, na Windows, na gwaji, da sauransu. Sunan fayil ɗin yana ɗauke da kwanan wata da lambar matsalar da aka gyara. Akwai bot, wato manhaja mai aiki da kanta, mai suna bedevere da ke tsaye a ƙofa, idan babu guntun labarin sai ya nuna ja, sai dai in wani mai iko ya manna lakabin da ke cewa wannan gyaran ba ya buƙatar labari. Ranar fitarwa sai a tattara guntayen nan duka su zama jerin canje-canje. Ba wanda ke zama ya zaɓa, kowa da kowa ne a ciki, ɗaruruwa.

What's New kuwa fayil ɗaya ne ga kowace siga, misali Doc/whatsnew/3.13.rst, kuma yana da edita da sunansa a sama. Na 3.13 Adam Turner ne da Thomas Wouters. Na 3.8 Raymond Hettinger. A.M. Kuchling ya riƙe aikin tun daga 2.0 har 2.7. Idan kika buɗe ɗanyen fayil ɗin za ki ga wasu ƙa'idoji a samansa da ba sa fitowa a shafin intanet. Ma'anarsu ita ce kowa na iya ƙara rubutu, amma kada ya ɓata lokaci wajen ƙawata jimla domin akwai yiwuwar a sake rubuta ta, a ambaci wanda ya yi aikin, a sa lambar matsalar, kuma wannan ba wurin kawo komai da komai ba ne, cikar lissafi aikin jerin canje-canje ne. Editan shi ke bin jerin canje-canjen nan yana tsintar abin da aka manta, yana zubar da abin da bai kai ba, yana haɗe sakin layi uku da mutum uku suka rubuta kan abu ɗaya.

Ummi: Wato ɗaya rajistar asibiti ce, ɗaya kuma takardar da likita ke ba ka ka tafi gida da ita.

Maman Ilham: Kin fi ni iya faɗa.

Injiniya Bazazzage: To tunda an zo kan edita, ni a nan nawa ƙorafin yake. Ku buɗe na 3.13 ku ga abin da aka fara da shi: sabon wurin buga umarni mai launi, gudu ba tare da makullin GIL ba (makullin da ke hana zaren aiki biyu gudanar da kod a lokaci guda), da JIT (mai juya kod zuwa harshen na'ura yayin da yake gudu). Biyun ƙarshen nan duk na gwaji ne. JIT a kashe yake, sai ka kunna shi da hannunka, marar makullin kuma ginin Python ne daban da sai ka nema. Mutum nawa a zauren nan suka taɓa amfani da su a aikin da ake biyansu? Amma abin da zai hana ka barci, wato ƙunshi 19 da aka kwashe ƙarƙashin PEP 594, sai ka gangara ƙasa. Akwai wata makaranta da nake kula wa da sabarta, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinta na intanet, wanda ya gina musu shafin karɓar sakamakon jarrabawa tun da daɗewa da cgi, ɗaya daga cikin ƙunshin nan 19, ya gina shi. Na ɗaga sabar zuwa 3.13 da daddare ina jin daɗi, da asuba shugaban makarantar ya kira ni, iyaye sun cika ofis shafi ba ya buɗewa. Layi ɗaya ne, import cgi, babu shi. Na sa madadinsa, legacy-cgi, daga PyPI, rumbun ƙunshin Python, abu ya tashi, amma na riga na sha faɗa. Ni da ni ne edita, abin da zai karye shi zan sa farko da manyan baƙaƙe, kayan ado su biyo baya.

Maman Ilham: Injiniya ba ka yi wa takardar adalci ba. A cikin taƙaitawar farko ɗin nan akwai kan magana na muhimman abubuwan da aka cire, an jera su da suna: cgi, crypt, telnetlib, imghdr, audioop, nntplib, pipes da sauran, har da 2to3. Ba a binne su ba. Sannan tun 3.11, wato Oktoban 2022, aka sanar cewa a 3.13 za su tafi. Shekara biyu cur.

Injiniya Bazazzage: An sanar a ina? Gargaɗin DeprecationWarning, mai cewa abu na kan hanyar cirewa, ɓoye yake sai in a babban fayil ɗin da ka kunna ne abin ya faru. In a cikin wani ƙunshi ne da ka jawo, shiru kake ji.

Maman Ilham: Shi ya sa ake kunna gwaji da -X dev, ko a sa -W error ya mayar da gargaɗi kuskure. Kuma pytest, manhajar gwada kod, na nuna su ko ba ka roƙa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanena.

Injiniya Bazazzage: Na karɓi wannan. Amma batun jeri ban janye ba. Takarda ɗaya ce ake so ta yi talla kuma ta yi gargaɗi, kullum tallar ce ke cin gaba.

Abban Hanif: A nan ina bayan Injiniya rabi. Ni a matsayina na malami sababbin abubuwa nake nema, su ke sa ɗalibi ya zauna. Shi kuma ɓarna yake nema. Akwai sashe can ƙasa mai suna Porting to Python 3.13, wanda shi ne na masu ƙaura daga tsohuwar siga. Wataƙila abin da ya rage shi ne mu koya wa mutane cewa mai saba a hannu daga ƙasa yake fara karatu.

Injiniya Bazazzage: Takardar da sai an koya maka ka karanta ta daga ƙasa, ai jerinta ne ke da gyara.

Kawu: Mu a jarida labarin gobara shi ke shafin farko, ba buɗe sabon kanti ba. Amma kuma ranar da babu gobara ba ma barin shafin fari. Ku ci gaba, ina saurare.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni wanga zance ta wani gefe ya shafe ni. Nan wajenmu da Faransanci munka yi karatu, kuma kundin Python na Faransanci nike buɗewa. Yadda fassarar ke aiki, kowane sakin layi na asali an ɗaure shi da fassararsa cikin fayil ɗin po. In edita ya taɓa asalin, ko waƙafi ɗaya ya gusar, sai a yi wa fassarar alamar shakku, shafin kuma ya koma nuna Turanci a wurin har sai wani ya sake dubawa. To babbar tacewar What's New a makonnin ƙarshe ake yin ta. Wanda ya yi sammakon fassara a Yuli, rabin aikinsa ya zube a Satumba. Shi ya sa sabuwar siga in ta fito, shafin da munka fi buƙata shi ne wanda ba a fassara ba, sai ka gan shi dabbare-dabbare, layi biyu Faransanci, biyar Turanci.

Maman Ilham: Gaskiya ne, kuma ban ga mafita mai sauƙi ba. Ana rufe ƙofar sababbin abubuwa a watan Mayu, lokacin beta ta farko, amma ba a rufe ƙofar gyaran rubutu. In an rufe ta a Agusta don masu fassara, da labarin mai kwashe sharar nan ya fita a bugu cikin harsuna da yawa.

Ɗan Maraɗi: Haka ne Hajiya. Ba cewa na yi a daina ba, nauyin ne nike nuna inda ya faɗa. Wani abu kuma, kalmar deprecated, wadda ake sa wa abin da za a cire nan gaba, da obsolète, wato tsohon yayi, anka fassara ta, mai karatu sai ya ɗauka abin ya riga ya mutu. Na ga yaro ya goge kod mai aiki lafiya lau don ya ga kalmar.

Ummi: To mu da Hausa me za mu ce? Ni kullum sai in ce "an daina amfani da shi", amma kuma yana aiki.

Abban Hanif: Ni a aji cewa nake "an yi masa ritaya".

Injiniya Bazazzage: Wanda aka yi wa ritaya ai ya bar ofis, Malam. Wannan yana nan kan kujerarsa yana aiki.

Kawu: Notis aka ba shi. Ɗan haya da mai gida ya ba notis yana cikin ɗakinsa, yana kwana yana tashi, amma ba mai hankalin da zai ba shi ajiya ta shekara biyar. Ranar da aka fitar masa da kaya waje, wannan ita ce cirewa.

Maman Ilham: Kawu ka gama magana. Kuma kwatancen ya yi daidai har da wa'adi, domin ƙa'idar PEP 387 ta ce sai gargaɗin ya zauna aƙalla siga biyu kafin a cire abu. Tunda siga ɗaya ake fitarwa duk Oktoba, shekara biyu ke nan mafi ƙaranci.

Injiniya Bazazzage: Sai dai akwai notis marar kwanan wata. An ba datetime.utcnow() notis a 3.12, aka ce za a cire shi a wata siga nan gaba, ba a faɗi wacce ba. Yaya zan je wa mai kuɗin aiki da wannan? In na ce a ba ni kwana uku in gyara, zai ce yaushe zai karye, in ce ban sani ba, ya ce to bari sai ya karye.

Maman Ilham: Nan kuma edita ba shi da laifi, ba zai ƙirƙiro ranar da masu yanke shawara ba su sa ba. Abin da zai iya shi ne ya raba su, kuma a shafin 3.13 an raba: akwai jerin waɗanda aka sa za su tafi a 3.14, na 3.15, na 3.16, sannan jerin waɗanda ba a sa wa rana ba. Mai bita nagari abin da yake farauta ke nan, jimlar da ta yi alkawarin da kod bai yi ba. Ku duba yadda aka rubuta batun gudu a 3.11. Ba a ce Python ya ninka gudu ba. An ce tsakanin kashi 10 zuwa 60 cikin ɗari ya fi 3.10, matsakaici ninki 1.25, kuma an faɗi ma'aunin da aka gwada da shi. Duk da haka sai da masu bidiyo suka ɗauki 60 ɗin kaɗai suka yi ta yawo da shi.

Abban Hanif: Hajiya kin taɓa aika musu gyara da kanki ko? Ba mu labari, yaya bitar take?

Maman Ilham: Na taɓa, ɗan ƙarami. Layi uku na rubuta, na samu tsokaci huɗu, har na ce wa maigidana mutanen nan ba sa son baƙo. Da na huce na sake karantawa sai na ga kowanne da dalilinsa. Na farko, na rubuta sunan wani aiki a matsayin rubutu kawai, aka ce in sa masa alamar :func: don ya zama mahaɗi da mai karatu zai danna ya kai shi cikakken bayani. Na biyu ya fi ba ni sha'awa. Na ambaci wani ƙunshi da aka riga aka cire, na sa masa alamar :mod: kamar kowa. To shafinsa babu shi kuma, mahaɗin ba shi da inda zai je, Sphinx sai ya yi gargaɗi. Maganin shi ne a sa alamar motsin rai a gaban sunan, kamar !cgi, sai ya fito da kamannin kod amma ba mahaɗi. Harafi ɗaya. Na uku, jimlata ta fara da bayanin yadda aka gyara abin a ciki, mai bitar ya tambaye ni, shi mai amfani me zai gani ya canza? Na juya jimlar ta fara da wannan. Na huɗu kuma cewa aka yi ba nan ne wurinta ba, tunda tana iya karya tsohon kod, a mayar da ita sashen masu ƙaura.

Wannan na huɗun shi ne ainihin aikin. Ukun farko na'ura na iya kama wasu, akwai sphinx-lint da ke bin alamomi. Amma sanin cewa jimla kaza gargaɗi ce ba albishir ba, sai mutum.

Injiniya Bazazzage: Wato kin dawo kan maganata.

Maman Ilham: Na dawo kan rabinta. Wurin da aka sa abu yana da muhimmanci, ban musa ba. Abin da na musa shi ne cewa an ɓoye.

Kawu: Wanda ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa, idonsa abin da ya yi niyya yake karantawa, ba abin da ke kan takarda ba. Mu har daga ƙarshen layi muke karantowa baya don mu karya wannan. Shi wanda ya ƙirƙiro harshen naku, yana rubuta irin takardar nan?

Maman Ilham: Ya rubuta ta 3.0 a 2008, Guido van Rossum da kansa. Kuma a gabatarwarta ya amsa cewa saboda ƙarancin lokaci ba ta cika yadda ya kamata ba. Ita ce kuwa sigar da ta fi kowacce karya tsohon kod.

Kawu: To kun gani. Ko mai gida sai da mai duba masa.

Ummi: Anti, bayan an saki sigar shi ke nan an rufe fayil ɗin?

Maman Ilham: A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Can ƙarshen shafin ana ƙara sashe idan wani canji mai nauyi ya shigo a ƙaramar siga. A 3.10.7 aka sa iyaka ta lambobi 4300 wajen juya rubutu ya zama lamba, saboda tsaro. A 3.11.4 aka ƙara matata a tarfile, ƙunshin da ke kwance fayilolin da aka ƙunshe wuri guda. Wanda ya karanta shafin ranar fitarwa bai sake komawa ba, bai san da su ba. Gyaran kan shiga babban reshe ne tukuna, sai wani bot mai suna miss-islington ya kwafe shi zuwa rassan sigogin da ake kula da su.

Abban Hanif: Wato ko bugun ma ba ya bushewa. Kawu, maɗaba'arku ta fi tamu kwanciyar hankali.

Ɗan Maraɗi: Tunda ga mu da yawa, mi zai hana mu fara na Hausa? Ko What's New ɗin kaɗai.

Injiniya Bazazzage: Kai da bakinka ka ce shi ne ya fi kowane shafi zubewa.

Maman Ilham: Kuma ba da shi ake shiga ba. PEP 545 ta shimfiɗa sharaɗi kafin a sa harshe a jerin zaɓi na shafin: sai an gama fassara shafin kai rahoton matsala, da darasin koyo gaba ɗayansa, da shafin ginannun ayyuka irin su print da len. Darasin koyon ya fi amfani ga ɗaliban Abban Hanif nesa ba kusa ba, kuma ba ya canzawa sosai daga shekara zuwa shekara. Amma kafin layi ɗaya sai mun zauna kan kalmomi. Yau kaɗai kalma guda ta ci mana mutum biyar.

Ɗan Maraɗi: Kuma sai an yi da mu, kada ku zuba kalmomin aro na Turanci mu nan mu kasa ganewa. Ku kuna cewa kwamfuta, mu wani suna munka saba da shi.

Kawu: Wannan rigimar ta girme ku duka. Ku buɗe takarda guda, kowa ya kawo kalmarsa, ni zan bi da jan biro.

Ummi: Ni ina so in gwada aika gyara ko na harafi ɗaya ne, amma kwamfutata ba ta da ƙarfi, ga data.

Maman Ilham: Ba sai kin sauke tarihin ma'ajiyar duka ba, ki sa --depth 1 wajen kwafowa. In ma ƙaramin gyara ne, a shafin GitHub ɗin za ki iya yin sa kai tsaye, kuma da kin aika za a gina miki samfurin shafin ki ga yadda zai fito, ba sai kin gina a kwamfutarki ba. Za a nemi ki sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa sau ɗaya. Shawarata, ki bar sigar da ta riga ta fita, ki je wadda ake kan ginawa. Ki ɗauki sakin layi guda da ke da misalin kod, ki kunna misalin a sigar gwaji, ki ga ko abin da aka rubuta shi ne abin da ya fito. In bai fito ba kin samu aikin yi.

Injiniya Bazazzage: In kin ga sun sake sa kayan ado a sama ki gaya musu Injiniya na gaisuwa.

Abban Hanif: Ni dai na buɗe takardun darasina yanzu, na ja wa shafi na huɗu layi. Rukunin farko da na biyu suna da zaurensu, zan tura musu gyara yau da daddare in an kawo wuta. Ummi, ranar Asabar ke za ki tsaya gaban allo ki yi wa aji bayanin notis ɗin Kawu, minti goma.

Ummi: Malam wannan ai horo ne.

Abban Hanif: Minti goma sha biyar.